Ɗan Haye: Koyon Fasaha da Girma a Ƙasar Hausa



Abin da wannan lacca za ta duba shi ne halin mutumin da ya girma, ya yi iyali, watakila ma har furfura ta fara leƙo masa, sa'an nan ya ɗauki alƙalami, ko allura, ko yumɓu, ko buroshin fenti, da niyyar ya ƙaga wani abu da bai taɓa gwadawa ba. Shin Bahaushe ya yarda da irin wannan mutum? Da wane suna yake kiransa? Me kuma ake samu daga hannunsa wanda ba a samu daga hannun wanda ya buɗe ido ya ga sana'ar a zauren gidansu?

Ya kamata a fara da kalmomi, domin a cikinsu ne al'umma takan ɓoye ra'ayinta. Kalmar fasaha aro ce daga Larabci, kuma asalin ma'anarta iya magana ne, watau fitar da zance sarai ba gargada. Bahaushe ne ya faɗaɗa ta har ta haɗa da aikin hannu, ya ce magini yana da fasaha, baduku yana da fasaha. Hikima da basira su ma baƙi ne da suka zama 'yan gari. Azanci da gwaninta kuwa na gida ne. Sai kuma baiwa, wadda ita ce ta fi kowace nauyi a wannan magana, domin da zarar an ce wane yana da baiwa, to, an rufe ƙofar tambaya ke nan: an ba shi, wani ba a ba shi ba, sai haƙuri. Amma kalmar da ta fi ban sha'awa ita ce ƙaga. Da ita ake cewa an ƙaga labari, da ita kuma ake cewa an yi wa mutum ƙage, watau an laƙa masa laifin da bai yi ba. Harshen da ya ajiye mai ƙirƙira da maƙaryaci a ɗaki guda, lalle akwai abin da yake tsoro game da sabon abu.

Tsoron nan yana da tushe a tsarin zaman jama'a. A ƙasar Hausa ta dā, sana'a gado ce. Ɗan maƙeri maƙeri, ɗan marini marini, ɗan makaɗi makaɗi, kuma kowace sana'a da sarkinta wanda ke tsare mata iyaka. Unguwannin birnin Kano har yanzu suna ɗauke da shaidar haka a sunayensu, kamar Dukawa da Soron Ɗinki da Takalmawa. Masanin nan M. G. Smith, wanda ya yi bincike a ƙasar Zazzau, ya rubuta a 1959 cewa Hausawa sun raba masu sana'a gida biyu, masu gado da 'yan shigege, kuma a kowace sana'a mai gado ne a gaba. A bakin jama'a an fi jin kalmar haye. In gardama ta kaure tsakanin masu sana'a ɗaya, maganar da ke kashe bakin abokin gardama ita ce a ce masa shi ɗan haye ne. Karin magana ma sun goyi bayan wannan: kyan ɗa ya gaji ubansa; barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe; icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan na ƙarshe shi ne wanda ake jifan babba da shi idan ya ce zai koyi wani abu.

Amma gado bai kai kunya tsanani ba. Koyo yana bukatar mutum ya yi kuskure a gaban mutane, dattako kuwa a wurin Bahaushe shi ne kada a ga kuskurenka. Yaro ya zana doki ya fito kamar akuya, a yi dariya, shi ma ya yi dariya, gobe ya sāke. Magidanci mai 'ya'ya shida ya zana wannan dokin, to, ba zanen za a yi wa dariya ba, shi za a yi wa, kuma iyalinsa ne za su fara. Ga shi kuma an riga an raba ayyukan nishaɗi bisa shekaru da jinsi. Tatsuniya ta mata da yara ce, da dare. Namiji babba da ya zauna yana ba da labarin Gizo da Ƙoƙi ya zubar da girmansa.

Wannan shi ne bangon da Dokta R. M. East na Hukumar Fassara ta Zariya ya ci karo da shi a 1933, sa'ad da ya zagaya garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai don shiga gasa. Mutanen da ya tarar masana ne, sun san Larabci, sun san waƙa, sun san tarihi. Abin da ya yi musu nauyi shi ne a ce malami ya zauna ya rubuta abin da bai faru ba. Duk da haka gasar ta haifar da littattafai biyar da kowane ɗalibin Hausa ya sani: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Idon Matambayi da Jiki Magayi. An fi yawan ambaton Abubakar Imam, wanda a lokacin yana saurayi ɗan shekara 22. Wanda ya fi dacewa da wannan lacca shi ne wansa, Malam Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890. Yana da shekara 43, yana malamin Larabci da addini a Katsina, mutum mai mutuncin da zai iya zubewa, ya zauna ya rubuta Ganɗoki. Duk wanda ya karanta littafin zai lura cewa kashinsa na farko, inda ake ba da labarin yaƙe-yaƙen zuwan Turawa a ƙasar Bida da Kwantagora, ya fi sauran ƙarfi nesa ba kusa ba. Dalili a fili yake. A 1901, da Turawa suka ci waɗannan garuruwa, Bello yana yaro ɗan shekara 11, ya kuma girma cikin mutanen da abin ya faru a kan idonsu. Shekara talatin da 'yan kai labarin yana kwance a cikinsa, da muryoyin masu ba da shi, da kirarinsu. Saurayi zai iya fin sa saurin hannu, amma ba shi da wannan rumbu. Girmansa kuwa bai zube ba, domin daga baya har ya zama Walin Katsina.

Misali mafi kusa yana nan cikin Kano. An haifi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu a 1959, ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed. Kamar yadda ita da kanta ta sha bayyanawa a hirarraki, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana da shekara 13, auren kuwa bai daɗe ba ya mutu. Da ta dawo gida sai ta nemi izinin zuwa koyon saƙa da ɗinki, aka yarda, domin wannan aikin mata ne da ba wanda zai yi surutu a kansa. Wurin da take zuwa kuwa ajin ilmin manya ne, inda ta koyi karatu da rubutun Hausa. A lura da wannan da kyau: allura ce ta yi wa alƙalami rakiya har ya shiga gidan. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, ya fito a 1987, tana dab da shekara talatin. A 1990 ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne da kuma Wa Zai Auri Jahila? Na biyun labarin yarinya ne da aka raba da makaranta aka aurar ga tsoho, wadda daga baya ta koma karatu ta tsaya da ƙafarta. Na farkon labarin matar aure ne da miji ya kora da 'ya'yanta saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe su. A 2012 wani kamfanin ɗab'i a Indiya ya buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne da Ingilishi, wadda Aliyu Kamal ya yi, ya zama ƙagaggen labarin Hausa na farko daga hannun mace da aka fassara zuwa wannan harshe.

Mai nazari zai iya kama ta da laifuffuka na ƙa'idar rubutu, an kuwa kama ta, ita da tsararrakinta. Waɗansu masana a jami'o'i suka laƙaba wa ayyukansu suna Adabin Kasuwar Kano, da nufin ragewa. Amma a tambayi wanne ne daga cikin masu digirin ya iya rubuta yadda ake rabon kwana, da yadda kuɗin cefane ke zama makami a gidan mata biyu, da irin maganar da uwar miji ke yi a tsakar gida, kamar yadda ta rubuta? Ta san waɗannan abubuwa ne domin ta rayu a cikinsu kafin ta iya riƙe alƙalami. Ba ita kaɗai ba ce kuwa. Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka haifa a 1964, karatun allo ya yi da ƙuruciya, boko kuwa sai a makarantar dare ta manya, daga 1984. A 1991 ya fitar da In Da So Da Ƙauna. Gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano a 1980 domin jama'a su iya karanta wasiƙa da sa hannu a takarda. Ba wanda ya zaci cewa daga irin waɗannan azuzuwa marubuta za su fito. Taken da aka yi yayi tun zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950 shi ne gemu ba ya hana ilmi, sai ga shi bai hana ƙirƙira ba ma.

Kada a ɗauka maganar ta tsaya ga rubutu. Kowa a wannan zaure ya taɓa riƙe takardar naira 20. A gabanta hoton Murtala ne, a bayanta kuwa, tun 2007, hoton wata mata ce tana gina tukunya. Ita ce Ladi Kwali, Bagwariya daga garin Kwali, wadda aka haifa wajen 1925. Ita kam ba 'yar haye ba ce a ginin tukwane, tun tana yarinya ta koya a hannun 'yar'uwar iyayenta, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye randunanta a fadarsa. A can ne Baturen nan Michael Cardew ya gan su, shi da ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta dā, wadda yanzu ake kira Suleja. A 1954 ta shiga makarantar, ita ce mace ta farko. Abin lura a nan shi ne gwanar da sarki ke sayen kayanta ta yarda ta koma 'yar koyo tana kusan shekara talatin. A gida, maginiya ce ke zagaya tukunya tana ɗora yumɓu. A makaranta, tukunyar ce ke juyawa bisa faifai, maginiya tana zaune. Duk abin da hannunta ya saba sai da ta warware shi, ta koyi shafen ƙyalli da gashi a tanderu mai tsananin zafi. Abin da ya fito daga wannan haɗi sabon abu ne: randa mai siffar gargajiya, da zanen ƙadangare da kunama da kifi da hawainiya, amma da jiki mai ƙyalli kamar tangaran. An nuna ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ita da ba ta yi makarantar boko ba. Ta rasu a 1984. Sai dai akwai hasara a ciki, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Randar da aka gasa haka ta yi nauyin da ba ta ɗaukuwa, ga shi ƙyallin ya toshe ƙofofin da ke sa ruwa ya yi sanyi. Ta tashi daga kayan ɗaki ta zama kayan kallo.

A ƙasar Yarabawa ma an ga irin wannan. Asiru Olatunde na Oshogbo, wanda aka haifa a 1918, maƙeri ne da rashin lafiya ya raba da maƙera, sai bayan ya haura shekara arba'in ya fara buga hotuna a kan farantin alminiyam, da ƙarfafawar Ulli Beier. A Amurka kuwa akwai Bill Traylor, wanda aka haifa cikin bauta a jihar Alabama. Ya ƙare ƙarfinsa a gona, sai a 1939, yana da shekara 85 ko kusa da haka, ya fara zane da guntun fensir a bayan tsofaffin kwalaye, yana zaune a bakin titi a birnin Montgomery. Cikin shekara uku zuwa huɗu ya bar zane sama da 1,000, na mutane da karnuka da alfadarai da ya sani a rayuwarsa.

A nan akwai wurin taka-tsantsan. Duk waɗannan labarai an san su ne domin wani mai hali ya tsaya ya duba. East ya nemi Bello Kagara, Cardew ya ga randunan Ladi, Beier ya sayi aikin Asiru, wani saurayi mai zane, Charles Shannon, shi ya tattara kwalayen Traylor. Wannan yakan sa mai sauraro ya zaci fasahar babba ba ta cika sai Bature ya sa mata hannu, ko kuwa ba ta da amfani sai ta kai mutum Landan. Labarin marubutan Kano ya ƙaryata zato na farko, domin da kuɗin aljihunsu suka buga littattafansu, matan aure da 'yan mata kuma suka saya. Zato na biyu ya fi haɗari, domin shi ne ke hana mutum farawa. Cikin dubun da za su ɗauki buroshi da girma, da wuya a sami guda da za a san sunansa a wajen unguwarsu, kuma wanda ya shiga da niyyar suna zai fita da baƙin ciki.

To, me sauran za su samu? Amsar ta fi shafar ma'aikatan gwamnati. Doka ta ce ma'aikaci ya ajiye aiki in ya cika shekara 35 yana yi, ko shekara 60 da haihuwa. Wanda ya shiga aiki yana da 22 zai fita yana da 57, da sauran ƙarfinsa. Shekara talatin da biyar yana rubuta abin da aka ce ya rubuta, cikin kalmomin da aka tsara tun kafin a haife shi, yana sa hannu a ƙarƙashin sunan wani. Aikin ofis yana koya wa mutum kada ya ƙaga kome, kuma daidai ne, domin akawun da ke ƙirƙira a littafin kuɗi kurkuku zai ƙare. Amma ranar da aka karɓi mabuɗin ofis, sai a bar shi da hannu biyu da ba su san abin da za su yi da safiya ba. Kowa ya san dattawan da suka tsufa cikin shekara biyu bayan ritaya, a kan benci a ƙofar gida, suna jiran fansho. Mutumin da ke da hula a kan gwiwa wadda bai gama ɗinkewa ba, ko allon da bai gama yi wa ado ba, yana da dalilin tashi gobe wanda ba ya jiran sa hannun kowa.

Abin mamaki, wurin da wannan ya fi sauƙi shi ne bayan ganuwa. A ɗauki Tudun Murtala, ɗaya daga cikin mazaɓu 11 na Ƙaramar Hukumar Nasarawa, da maƙwabtanta irin su Gama da Gwagwarwa da Tudun Wada da Dakata. Unguwanni ne da suka cika da mutanen da neman abinci ya kawo daga ƙauyuka da garuruwa dabam-dabam, da yawa saboda masana'antun Bompai, waɗanda kaso mai yawa daga cikinsu suka rufe tun daga ƙarshen shekarun 1980. A irin wannan wuri ba wanda ya san sana'ar kakan wani. Kusan kowa ɗan haye ne, da tela da kafinta da mai walda da mai rubuta allon shago, kuma wanda masaƙa ta sallama yana da shekara arba'in ya riga ya san cewa ana sāke koyo da girma, domin yunwa ta koya masa. Gorin da zai yi ciwo a cikin birni, a nan ba shi da dafi sosai. Abin da ya rage shi ne a yarda cewa abin da aka halatta don ciki ya halatta don zuciya. Azuzuwan koyon sana'a na manya sun fi karkata ga abin da za a sayar gobe, ɗinki da saƙa da sabulu, kuma ba laifi. Amma labarin Hajiya Balaraba ya isa ya sa masu tsara waɗannan azuzuwa su bar ƙofa a buɗe ga wanda ya zo don wani abu dabam.

Akwai wanda zai ce addini ya hana shi zane. Malamai sun yi magana mai tsawo a kan surar abu mai rai, kuma wannan zaure ba wurin yanke hukunci ba ne. Abin da ke tabbas shi ne mafi yawan fasahar idon Bahaushe ba ta bi ta wannan hanya ba tun asali. Dagi, da aska biyu da aska takwas a gaban riga, da adon bangon soraye na Zariya da Kano, da zanen ƙwarya, da zayyanar allon sauka, duk layi ne da kusurwa da launi. David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya kuma shirya nunin fasahohin Hausa a Landan a 1976, ya nuna yadda ɗinkin riga ya daɗe yana tafiya tare da malanta, almajirai da malamai suna yin sa tsakanin karatu. Ɗinki yana daga cikin sana'o'in da ba su cika tambayar mutum ɗan wane ne ba. Kayan farawa kuma ba su fi ƙarfin kowa ba: allo da alƙalamin kara da tawadar gawayi da ƙaro, ko ƙyallen hula da zare da allura, duk ana samun su a Kasuwar Kurmi.

Wahalar da ke jiran babba ta dabam ce, kuma gara a faɗe ta. Idonsa ya riga hannunsa girma. Shekara hamsin yana sa hula, ya san mai kyau tun daga nesa, saboda haka ranar da ya ɗinka tasa ta farko shi ne zai fara ganin muninta, tun kafin matarsa ta yi magana. Yaro ba shi da wannan ciwo, domin idonsa da hannunsa tare suke girma. A wannan rata ne yawancin manya ke ajiye allura, cikin makonnin farko, su ce ba su da baiwa, alhali abin da ya same su shi ne sun fi ƙarfin aikin hannunsu da sani. Wanda ya jure, wannan idon da ya wahalshe shi shi ne zai zama malaminsa, domin ba ya bukatar a gaya masa inda layi ya karkace. Hannun ma yana koyo, sai dai a hankali, kuma ya fi karɓar kaɗan kullum bisa ga mai yawa sau ɗaya a mako.

Ba dole ba ne kuma abin ya zama sana'a. Cikin marubutan gasar 1933, Abubakar Imam kaɗai ne ya mai da alƙalami abin yinsa, ya rubuta Magana Jari Ce, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abubakar Tafawa Balewa ya koma ajinsa a Bauci, daga nan siyasa ta ɗauke shi har ya zama Firayim Minista, bai sāke ƙaga wani labari ba. Shaihu Umar ɗin nan guda, bayan rasuwarsa, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Malam Bello Kagara ya koma ga koyarwa da shari'a, littafin da ya fitar daga baya na tarihin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne, ya rasu a 1971.